Jar Ƙasar Gindin Shato

Ramalan mutum ne da ba a koya masa zancen nauyi. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi a ƙarƙashin ƙasa, a ramin uraniyom na Akokan, yana kafa ƙusoshin ƙarfe a rufin rami don kada dutse ya rufto wa ma'aikata. Yana da wata doguwar sandar ƙarfe da yake ƙwanƙwasa rufin da ita. In dutse ya amsa ƙal-ƙal sai a wuce, in ya amsa kamar tulun da ya tsage sai kowa ya ja baya. Ba a taɓa fitar da gawa daga layin da ya duba ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Da aka rufe ramin, abokan aikinsa suka ɗaure kaya, wasu Maraɗi, wasu Damagaram. Shi ya ƙi komawa Tasawa hannu rabbana. Ya zauna a gidansa na gefen garin Arlit da matarsa Sa'adatu, yana 'yan buge-buge, har Allah ya kawo aikin shato, wato babban tankin ruwa da ake ɗorawa a kan ƙafafun ƙarfe. A filin da ke manne da katangarsa ta gabas aka kafa shi, aka kuma ba shi gadi.

Injiniyar aikin wata mata ce daga Agadas, Madam Halimatu. Ƙasar wajen rairayi ce mai zubewa, don haka ba ta sa an haƙa babban tushe ba. Injin ne ya huda ramuka 'yan sirara har ya tarar da dutse, aka zura bututun ƙarfe da kaurinsu bai fi cinyar mutum ba, aka cika su da siminti. Turaku take ce musu. Kowace ƙafar shato ta zauna a kan dunƙulen kankare, kowane dunƙule a kan turakunsa. Daga nan kamyo, wato babbar motar kaya, ya yi ta jido jar ƙasa daga nesa, ana zubawa a gindin, ana yayyafa ruwa, ana daɓewa, har wajen ya yi tauri kamar daɓen ɗaki.

Ranar da za ta tafi ta kira shi. Ta ɗauki wani guntun ƙarfe ta buga shi a cikin daɓen.

"Malam Ramalan, danna shi ƙasa."

Ya danna, bai motsa ba.

"To tura shi gefe."

Ya tura, nan ma ya ƙi.

Ta sa tsinken ƙarfe ta ƙwaƙule ƙasar da ke wuyansa, ta ce ya sake turawa. Sai ga shi yana rangaji kamar haƙorin tsoho.

"Ka gani? Nauyin ruwa kam dutsen can ƙasa ya ɗauke shi. Amma in iska ta turo daga gefe, ba ruwan dutse. Turke siriri ne, lanƙwashewa zai yi. Wannan jar ƙasar ta sama, wadda zurfinta bai wuce tsayin mutum ba, ita ce ke dafe da wuyansu. Kada a haƙa, kada a yi shuka, kada kuma a ɗaura komai a ƙafafun nan."

"To, Madam," in ji Ramalan.

A ransa kuwa dariya yake yi. Yarinyar da ba ta taɓa shiga rami ba ce za ta gaya masa inda nauyi yake bi? Nauyi daga sama yake zuwa, ƙasa yake nufa, shi ke nan. Kai, Ramalan! Duk shekarun nan da ya yi yana kallon rufi, bai taɓa tsayawa ya tuna cewa a cikin rami ba a hadari ba.

Shato ya fara aiki. Mata suka huta da tafiyar nesa, 'yan garuwa da masu amalanken jaki suna layi tun safe da bido-bidonsu, wato jarkokin ruwa. Bayan shekara Sa'adatu ta sami ciki, bayan an daɗe ana jira har an fid da rai. Aka aiko daga Tasawa cewa Inna, mahaifiyarta, za ta zo wankan jego. Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne da rumfa. Ina za a sa suruka?

Ramalan ya dubi rairayin unguwar, wanda ko an kwaɓa shi ba ya kama jikinsa. Ya dubi jar ƙasar gindin shato, mai danƙo, ga ruwan da ke ɗiga daga bututun ambaliya ya riga ya jiƙa ta. Ya ce kwando biyu kawai zai ɗiba.

Wa ya taɓa tsayawa a kwando biyu? Ya haƙa ta ɓangaren yamma, wanda ke kusa da gidansa, ya bi gefen kankaren ya gangara har turakun suka bayyana tsirara, ramin ya kai masa ƙirji. Duk abin da ya ɗiba sai ya mayar da rairayi da toka, ya baje saman da tsintsiya. Ya buga tubali jajaye masu kyau, ya tayar da ɗaki a jikin katangar gabas, a inuwar shato. Kowa ya gani sai ya yaba. Kafin ya rufe ramin ƙarshe sai da ya ɗauko tsohuwar sandarsa ya ƙwanƙwasa turakun ɗaya bayan ɗaya. Suka amsa ƙal-ƙal, ya kaɗa kai, hankalinsa ya kwanta.

Sa'adatu ta sauka lafiya ran Asabar, cikin watan Agusta, 'ya mace. Ita da jaririyar da Inna suka tare a sabon ɗakin. Ramalan ba ya shiga, don kunyar suruka. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaida Inna, kansa a ƙasa, ta amsa daga bayan labule.

Ran Laraba da la'asar aka yi wata 'yar iska. Ba hadari ba ne, irin wadda ke kwashe ledoji ta liƙa su a jikin waya ce kawai. Ramalan yana zaune a gindin shato, sai ya ji wani ƙugi a ƙarƙashinsa, can ciki, kamar ana jan gado a ɗakin maƙwabta. Ya duba. Tsakanin kankaren ƙafar yamma da rairayin da ya zuba akwai tsaga. In iska ta buso sai ta rufe, in ta lafa sai ta buɗe, har yatsunsa huɗu suna shiga. Ya ɗaga kai. Tankin yana can sama cike da ruwa, yana jin ruwan na bugun bango, kuma daidai ƙarƙashin inda yake sunkuyowa rufin sabon ɗaki ne.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a rami ba. A rami in rufi ya yi magana ya san abin yi. Wannan kuwa ƙasa ce take numfashi a gefen ƙafarsa.

Ya zaga bayan gida ya kira Madam Halimatu a salula.

"Madam, wani abokina ne ke tambaya. In aka ɗan ɗebi ƙasa a gindin irin turakun nan, aka mayar da rairayi, ai ba komai ko?"



"Malam Ramalan, zurfin nawa abokin naka ya haƙa?"

"Ba yawa. Kamar... ƙirji."

"Innalillahi. Ta wane gefe?"

"Yamma."

"Hadarinku kuwa daga gabas yake tasowa. Ka ji ni da kyau. Rairayin da aka zuba ba ya riƙe komai, kamar ka jingina da labule ne. Yanzu wuyan turakun nan a sake yake, duk iskar da ta zo tana ƙara lanƙwasa su, kuma ƙarfe in ya fara ba ya komawa. Duk mai kwana a yammacin shaton nan ya tashi yau. Ina kan wani aiki, ga hanyar nan ka san yadda take, ba zan iso ba sai farkon mako. Akwai mutane kusa?"

"Babu sosai," in ji Ramalan.

Ya kashe wayar. Babu sosai! Matarsa da 'yarsa da surukarsa ne babu sosai.

Ya nufi ƙofar ɗakin da niyyar faɗa, wallahi da niyyarsa ya je. Ya durƙusa, ya yi sallama. Inna ta amsa, ta shiga sa masa albarka: ɗaki mai sanyi, ɗaki kamar na birni, duk Tasawa sai ta ba da labarin irin surukin da Allah ya ba ta. To ta ina zai fara? Ya ce Inna ku kwashe kaya ku koma rumfa, don ƙasar da na gina ɗakin nan ta gindin shato ce na sato, kuma ni aka ba gadinsa? Gobe unguwa ta ɗauka, jibi a karɓe gadin, ga baƙin suna suna hanya. Ya ce wa kansa Arlit ce fa, inda ake shekara ba a ga hadarin kirki ba. Asabar ce suna, a wuce ta tukuna.

"Allah ya ƙara sauƙi, Inna," ya ce, ya tashi.

Alhamis da Juma'a ya yi su ba ci ba barci. Ya yi ta cusa duwatsu a tsagar yana dannawa da ƙafa, rairayin na haɗiye su. Da hantsi sama fes, da yamma sai gajimare ya taru can gabas wajen duwatsu, ya yi baƙi, ya watse. Kowa na addu'ar Allah ya kawo ruwa, shi kaɗai yake roƙon kada ya zo.

Ran Asabar da safe aka raɗa wa yarinya suna Maryama. Aka raba goro da dabino, Ramalan ya tafi bayan gida wajen fiɗar rago. Da ya dawo wajen azahar sai ya tsaya cak. Abokinsa Rhissa, Buzun da suka yi rami tare, wanda yanzu yake jan kamyo zuwa Assamakka, ya kawo tamfol ɗin motarsa, wani ƙato mai rufe kaya har ƙasa. An shimfiɗa shi sama don taron mata. Gefe ɗaya an ɗaure a katangar gida da sanduna, ɗaya gefen kuwa, da igiyoyin kamyo masu kauri, a ƙafafun shato biyu na yamma.

"Rhissa, wa ya ce a ɗaura a nan?"

"To ina za a ɗaura? Wannan ƙarfe tana ɗauke da ruwan unguwa duka, tamfol ce za ta gagare ta? Kai da kanka ka ce ko giwa aka ɗora ba ya motsi."

Haka ne, shi ya faɗa, a majalisa, ba sau ɗaya ba. Mata har sun fara shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba, an kunna kiɗa.

"A dai kwance da wuri," ya ce.

Bayan la'asar zafi ya yi wani irin nauyi. Iska ta ɗauke ɗif, ko leda ba ta motsi. Ƙudaje suka dame mutane a kan tuwo da nama. Mata sun cika ƙarƙashin tamfol, wasu sun cika ɗakin mai jego, ana ta shewa ana miƙa jaririya hannu zuwa hannu. Ramalan yana tsaye a bakin titi, bai ji kiɗan ba sam. Gabas yake kallo. Can ƙasan sama wani jan bango ya taso, bayansa baƙi ƙirin, yana cinye duwatsu, ya cinye tulin ƙasar ma'adini, ya cinye gidajen ƙarshen gari. Awaki suka fara kuka suna neman gida.

"Alhamdu lillahi, yarinya mai goshi!" in ji wata mata. "Ta zo da ruwa!"

Iskar farko ta iso da sanyi. Tamfol ya kumbura ya yi sama, igiyoyin suka miƙe suka yi ƙara. Ramalan ya ji ƙugin nan na ran Laraba, amma yanzu ba sai ya kasa kunne ba. Ya ruga gindin shato. Kankaren ƙafar yamma ya nutsa cikin rairayi ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen rami ya buɗe har yana hango wuyan turke, ya lanƙwashe kamar kara. Duk bugun iska sai tamfol ya fizga, shato ya biyo shi kaɗan, kuma ba ya komawa inda yake.

"Rhissa! Yanke igiya! Yanke!"

Rhissa bai tambayi dalili ba, ɗan rami ne, ya san irin wannan murya. Ya zaro wuƙa. Ramalan ya faɗa cikin mata yana ihu su fita titi, su yi kudu. Ƙura ta riga ta rufe wajen, kujeru na tashi, kwanoni na gangarawa. Na waje suka watse da kansu. Na cikin ɗaki kuwa suka yi abin da kowa ke yi in hadari ya taso: suka ja ƙofa suka rufe.

Ya buga ƙofar da kafaɗa ya faɗa ciki, ɗakin da bai taɓa takawa ba tun zuwan Inna. Mata suka yi salati. Sa'adatu na bakin gado cikin kwalliya, lalle har gwiwar hannu. Inna na zaune a ƙasa da jaririya a cinya.

"Ku fita! Ku fita duka!"

"Lafiya, Malam?" in ji Sa'adatu.

"Shato zai faɗo! Inna, don girman Allah ku tashi!"

Inna ta ja mayafi ta rufe jaririyar, ta juya masa kafaɗa.

"Ɗanyen jego a cikin wannan iska? 'Yar kwana bakwai? Ba inda za ta. Wane irin rashin ta-ido ne wannan, a faɗo wa mutane ɗaki?"

A saman rufi wani abu ya yi ƙara, doguwa, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofar ƙarfe. Ruwa ya fara zuba a kan kwano, kuma ba ruwan sama ba ne, daga bakin tankin yake tuttuɗowa.

Ramalan ya sunkuya ya fizge jaririyar daga cinyar surukarsa. Ya rungume ta a ƙirji ya fita da gudu.

Abin da magana ta kasa, wannan ya yi shi. Sa'adatu ta yi kururuwa ta biyo shi ba takalmi. Inna ta biyo tana tsine masa, sauran mata suka biyo Inna, suna cewa ya haukace, a tare shi. Ya tsallake titi, ya kai jikin katangar masallaci, ya juya wa iska baya ya duƙa a kan yarinyar.

Bai ga faɗuwar ba, ji ya yi. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin gwiwoyinsa, sannan wata ƙara kamar an juye kamyon duwatsu, sannan ruwa ya taho ta titi ya bugi idon sawunsa, ja wur, ɗauke da tabarmi da murfin tukunya. Sai kuma ruwan sama ya sauko.

Bai daɗe ba, hadarin Arlit ba ya daɗewa. Da ƙura ta kwanta mutane suka fito suna kiran sunayen juna. Rhissa ya fito riƙe da hannunsa, igiya ta tsage masa tafin hannu. Aka duba, aka sake dubawa, ba wanda ya rage a ciki. Tankin yana kwance a inda sabon ɗaki yake, ya fashe ta ciki. Ƙafar gadon Sa'adatu ɗaya ce kawai ta leƙo daga ƙarƙashinsa. Ƙafafun shato na gabas sun tumɓuko, na yamma sun durƙusa, turakunsu a lanƙwashe cikin wani rami da ruwa ya wanke.

Jama'a suka kewaye Ramalan. Wannan ya dafa shi, wancan ya riƙe hannunsa. Liman ya ce Allah ne ya sanya masa abin a zuciya. Wani tsoho ya ce ai ɗan rami ne, su ƙasa tana yi musu magana. Inna da kanta ta matso, ta ce ya yafe mata abin da bakinta ya faɗa. Kunya ta kama shi har ya ji kamar ya nutse, amma ya bar su suna yabo.

Sa'adatu ba ta cikin masu yabon. Tana tsaye gefe, zanenta sharkaf, tana kallon ramin gindin shato, inda ruwa ya wanke toka da rairayi ya bar turaku tsirara. Ta dubi tubalin ɗakinta da ke narkewa cikin ruwa. Sannan ta tako a hankali har gabansa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai shi.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Sa'a, bari mu je gida tukuna..."

"Wane gidan? Ran Laraba ina kwance ina kallonka ta ƙofa. A ƙafar shato ragon suna yake ɗaure tun da aka sayo shi. Na ga ka kwance shi ka kai bayan gida, na ce ko rana ce ta dame shi."



"Ka janye rago," ta ce. "Mu ka bar mu."

Ta miƙo hannu biyu. Ya ɗan ƙara rungume yarinyar, don ɗuminta ne kaɗai abin da ya rage masa a jiki, amma Sa'adatu ba ta sauke hannun ba, kuma mutane sun fara juyowa. Ya miƙa mata. Ta gyara mata mayafi, ta kira Inna, suka bi ta cikin ruwan zuwa gidan maƙwabta.